Gudan jinin da korona ta tona wa asiri bai tafi tare da ita ba

A farkon 2020 likitoci sun ɗauki korona a matsayin ciwon huhu kawai. Binciken gawa ne ya sauya tunaninsu. A birnin Hamburg na Jamus an duba gawarwaki 12 na waɗanda cutar ta kashe, aka tarar 7 daga cikinsu jini ya daskare musu a jijiyoyin ƙafa ba tare da wani likita ya lura ba tun suna raye. Huɗu kuwa gudan jinin ne ya tsinke, ya bi jijiya ya toshe huhu, ya yi ajalinsu. A Holan, wani bincike kan majinyata 184 da ke ɗakin kulawa ta musamman ya nuna kashi 31 cikin 100 sun gamu da wannan matsala, alhali ana yi musu allurar hana daskarewar jini. A asibitin Mount Sinai na New York, cikin mako biyu aka kwantar da masu korona biyar 'yan ƙasa da shekara 50 da shanyewar ɓarin jiki sakamakon toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar cutar tana raunata bangon jijiya ta ciki, garkuwar jiki ta harzuƙa, jini ya yi kauri, ga mutum kwance kwana da kwanaki ba motsi. Abubuwan nan uku idan suka haɗu, jini yakan kama.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka gano maganin. Da farko wasu asibitoci sun ga tunda jini na daskarewa, ai sai a ƙara yawan heparin, allurar tsinka jini, ga kowa da kowa. Hankali ya yarda da hakan, amma gwaji bai yarda ba. Manyan gwaje-gwajen da aka fitar da sakamakonsu a watan Agustan 2021 sun nuna cikakken ma'auni yana taimaka wa wanda ke kwance a ɗakin jinya na gama-gari, cutar ba ta riga ta ci ƙarfinsa ba. Wanda ya riga ya kai ga na'urar numfashi kuwa, ƙarin bai amfane shi ba, sai ma haɗarin zubar jini. Asfirin ma an gwada shi a Birtaniya kan majinyata kusan 15,000, bai rage mace-mace ba. Wannan ya isa amsa ga masu zuwa kyamis su sayi ƙwaya don "tsinka jini" da kansu. Magani ɗaya ne ke ceton wani ya halaka wani, kuma likita ne kaɗai zai iya bambancewa.

Akwai abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin da wasu ƙasashen Turai suka dakatar da rigakafin AstraZeneca a watan Maris na 2021 saboda wani nau'in daskarewar jini da ba kasafai ake samunsa ba, labarin ya karaɗe wayoyinmu kafin a ce kwabo, a daidai watan da rigakafin ya iso Najeriya. Matsalar gaskiya ce, kuma daidai ne da aka bincika. Sai dai mutum nawa aka gaya wa cewa cutar kanta ta fi rigakafin haddasa gudan jini nesa ba kusa ba? Ko bayan sallama haɗarin bai ƙare ba: binciken da aka yi a Suwidin kan mutum fiye da miliyan ɗaya ya nuna barazanar toshewar jijiyar huhu tana kaiwa wata shida bayan kamuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023, amma kwanciyar asibiti tana nan. Mai jego da aka yi wa tiyata, dattijon da ya karye a ƙugu, mai ciwon daji, duk gado ɗaya suke hawa da wannan haɗari. Asibitocinmu da yawa ba su da na'urar hoton huhu, kuma inda take, kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Shi ya sa nake ganin kariya ce ta fi dacewa da aljihunmu. Ya zama ƙa'ida, duk baligin da aka ba gado a tambaya a rubuce: yana cikin haɗarin daskarewar jini ko a'a, kuma me aka yi a kai?

Masu jinya ma suna da nasu aikin, tunda a wurinmu su ne ke kwana gefen gado. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ta yi zafi da ciwo, kada a yi mata tausa ko a gasa ta da ruwan zafi kamar yadda muka saba, domin murzawa na iya tsinka gudan ya nufi huhu. A kira ma'aikaciyar jinya. Idan kuma numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, ko aka ga jini a tari, ko da an yi wata guda da sallama, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.