Gara a kwana a ciki da a bar wa jemagu

A gaɓar tekun arewacin Norfolk a Ingila akwai wani ƙauye mai suna Cley. A bakin fadamarsa wata hasumiyar bulo ce tsaye, hawa biyar, da farar hula a ka da fukafukai huɗu. Injin niƙa ne, amma ba irin na unguwarmu mai shan mai da cika kunne ba. Iska ce ke juya fukafukan, su juya gungumen da ke tsakiya, shi kuma ya juya manyan duwatsun niƙa. Tun 1819 aka yi tallarsa a jarida ana neman mai saye.

Abin da ya kashe masa kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Manyan injinan tururi sun bayyana a tashoshin jiragen ruwa suna niƙa alkamar Amurka, gari fari tas, iska ta kaɗa ko kar ta kaɗa. To wa zai kai buhunsa wurin wanda sai ya leƙa sama kafin ya ce maka ka dawo gobe? A 1921 aka sayar da shi, aka kwance kayan niƙan, aka mai da shi gidan hutu.

Masu kishin kayan tarihi har yau suna ƙorafi kan irin wannan: wai an cire wa gini hanji an bar fata. Na fahimce su, amma ban bi su ba. Injinan iska nawa ne a Ingila aka ƙyale don ba a so a taɓa asalinsu, rufi ya yoye, katako ya ruɓe, suka zama kufai? Wanda ke kwana a ciki shi ke fara jin ɗigon ruwa a ka, shi ke kiran kafinta.

Kuma kada a zaci zaman daɗi ne zalla. Ɗaki zagaye kamar rumbu, kana hawa yana ƙara tsukewa. Gado ba ya jingina da bango, kabad ma haka, sai ƙura ta samu wurin ɓuya a baya. Matakala kuwa, tsani ne da sunan matakala. Ka tuna ka bar wayarka a hawa na huɗu, ka haƙura da ita.

A daren 31 ga Janairun 1953 teku ta ɓalle ta shanye gaɓar gabashin Ingila, ruwa ya shiga har cikin injin na Cley. Da kango ne, wa zai kwashe taɓon? Yau masauki ne, baƙi na kwana a inda da buhuna ke jibge, da safe su buɗe taga su kalli tsuntsayen fadama.