Alhaji Ɗan Kwangila a Fadar Venis

Kwalekwale na ajiye shi da Ɗan Boko a Venis, birnin nan na kan ruwa a ƙasar Italiya, Alhaji ya gyara babbar riga, ya ɗaga kai sama neman bene, bai gani ba.

ALHAJI: Kai ɗan nan, ina fadar?

ƊAN BOKO: Ga ta nan, Kawu. Palazzo Venier dei Leoni. Tun ƙarni na 18 aka fara ta, hawa ɗaya aka yi, aikin ya tsaya.

ALHAJI: An karɓi kafin alƙalami an gudu ke nan. Ni za a gaya wa?

ƊAN BOKO: Kamar dai asibitin garinmu da aka ba ka...

ALHAJI: Yi mini shiru! Wannan damina ce ta tsayar da shi.

(Daminar nan ta shekara bakwai ba ta ɗauke ba.)

Suka shiga. Ɗan Boko na bayanin yadda wata Ba'amurkiya, Peggy Guggenheim, ta tare a gidan a 1949 ta cika shi da zane-zane, sai Alhaji ya ja birki gaban wani allo.

ALHAJI: Subhanallahi! Wa ya kifar musu da fenti?

ƊAN BOKO: Aikin wani mai zane Ba'amurke, Jackson Pollock ne, Kawu, na 1947. A ƙasa yake shimfiɗa ƙyalle, ya dinga ɗiga fenti a kai.

ALHAJI: Na sani mana, gwada ka nake. To biyansa aka yi ko shi ya biya tara?

ƊAN BOKO: Da farko dala 150 matar take ba shi duk wata.

ALHAJI: Duk wata? Ba jinkiri, ba "dawo gobe, oga ya fita"? Ni kuwa yarona ya yi mini irin wannan a falo na kore shi! Maza nemo mini lambarsa.

Ya miƙa yatsa zai kankari fentin ya ji ko mai kyau ne, mai gadi ta yi gyaran murya. Ya mayar da hannu aljihu kamar dama goro yake lalube.

A lambu suka tarar da kabarin matar, kusa da wani dutse mai sunaye 14.

ALHAJI: Allah sarki, baiwar Allah. 'Ya'ya sha huɗu, duk ta binne!

ƊAN BOKO: Karnukanta ne, Kawu.

ALHAJI: Na sani! Ai daga sunayen na gane.

Ya ɗan yi shiru, ya ƙwanƙwasa dutsen, ya rage murya.

ALHAJI: Tambayo min baturiyar can, wa aka ba kwangilar marmarar nan, kuma nawa ya rubuta?