Wannan ba kuskus ɗin Maroko ba ne, ku daina yaudarar mutane

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma sai na faɗa. Ranar Asabar na yi odar abin da wani gidan abinci a nan Kano ya rubuta wa suna "salak ɗin kuskus irin na Maroko". A hoto ga zaitun, ga tumatir da kokwamba, ga ganyen na'ana'a shar, ga zabibi. Saboda Hajiyarmu na saya. Tun da muka je ziyarar Shehu Tijjani a birnin Fas na Maroko take maganar kuskus ɗin can, ga shi kwana biyu ba ta iya cin abinci sosai.

Sai da ɗan aike ya shafe awa biyu kafin ya iso. Na buɗe roba, wallahi kamar tuwon da ya kwana. Kuskus ya caɓe ya dunƙule, an lafta masa mayonis da kabeji, an watsa koren wake na gwangwani. Man zaitun ko ɗigo babu, ƙarnin man gyaɗa ne ke tashi. Zaitun ƙwaya uku na ƙirga. Lemon tsami kuwa ko ƙamshinsa.

Haba jama'a! A Fas a gabanmu matar gidan da muka sauka ta turara kuskus a kan tukunyar romo, ta sauke, ta murza da hannu da ɗan mai, ta mayar, har sau uku, kowace ƙwaya ta ware daban. Abincin Juma'a ne a wurinsu, bayan an sauko daga masallaci. Har UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin al'adun gado a 2020, da sunan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya. Na san salak mai sanyi daban yake da wancan mai zafi, to amma ƙwayar ai ɗaya ce. Kuma mu da muka tashi da madambaci a gida, muna turara dambu da burabusko, mu za a ce wa ba a san yadda ake hana tsaki caɓewa ba?

Da na kira gidan abincin, yarinyar da ta ɗauki waya ta ce, "Anti, ai haka muke yinsa, kowa yana so." Na ce a haɗa ni da manaja, aka ce ya fita. Kuɗina kuma ba za a mayar ba tunda an buɗe roba. To ta yaya zan ga abin da ke ciki ban buɗe ba?

Hajiya cokali ɗaya ta kai baki, ta ajiye, ta ce in dama mata kunu.