Ana rubuta Cholmondeley, ana kiran Camli

Na ji daɗin wannan labari da kuka kawo kan sunan dangin Cholmondeley, amma kun bar abin da ya fi ba ni mamaki. Harafi 12 ne a rubuce, a baki kuwa “Camli” kawai Turawan Ingila ke cewa, sauran duk sun haɗiye.

Asalinsa sunan wani ƙauye ne a yankin Cheshire na ƙasar Ingila, yana nufin fili da aka sare a daji na wani mutum mai suna Ceolmund. Ƙauyen ya fito a littafin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, shekara 20 bayan ya ci Ingila da yaƙi. Daga baya masu ƙasar suka ɗauki sunan wurin, 'ya'ya da jikoki suka gada. Kusan irin namu ne, yadda ake cewa Shehu Shagari ko Aminu Kano, sai dai su nasu ya zama na gado.

Ni a ganina rubutun ne ya tsaya cak tun zamanin kakanni, harshen mutane ya yi gaba abinsa. Allah ya ƙara basira, a kawo mana na Featherstonehaugh, wani sunan dangi na Ingila da shi ma rubutunsa daban, kiransa daban.