A kan ɗan gadar nan da kuke ta yi wa dariya

To, na ga abin da kuka rubuta a ƙarƙashin hoton nan, kuma wallahi kun ba ni kunya. Bawan Allah, ma'aikacin gidan namun daji, ya tsuguna yana ba ɗan gada madara a kwalba, jaririn da ko tsayuwa bai gama iyawa ba, amma abin da ya zo muku a rai shi ne "wannan ai farfesu ne", "a bari ya ƙara ƙiba zuwa Sallah". Wani ma, da digiri biyu jere a gaban sunansa, cewa ya yi shi ba zai biya kuɗin shiga don ya kalli gada ba, in da gaske ake a kawo damisar Indiya da jakin dawa. Sannu, Malam. Allah ya ƙara basira.

Magana ɗaya gare ni, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji: gidan namun daji da dabbobin ƙasarmu ba sa haihuwa a cikinsa kurkuku ne mai tikiti. Ku shafe shi da fenti, ku sa lilo, ku kawo mai gasa masara a bakin ƙofa, kurkuku ne dai. Abin da za ka tambaya in ka shiga shi ne me aka haifa a nan bana, kuma nawa suka rayu.

A 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka ware filin namun dajin Jos da ke hanyar Miango, kusan murabba'in kilomita 8 na duwatsu da bishiyoyi da rafi. Wa zai ware fili mai wannan girma don a ɗaure zaki ɗaya ana ɗaukar hoto da shi? An ware shi ne don dabba ta samu inda za ta ɓuya, ta yi barbara, ta haihu ba tare da wani ya tsaya a kanta da waya ba. Mutanen wancan lokacin sun gane wannan. Mu da muka zo da intanet a aljihu mu ne muke tambayar ina jakin dawa.

Kun san ma abin da mutumin nan na cikin hoto yake yi kuwa? Uwar gada ɗa ɗaya take haifa, ta ɓoye shi a ciyawa ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Da hunturu ya shiga, 'yan farauta su cinna wa daji wuta saboda gafiya da zomo, a kashe uwar, a tsinci ɗan. Wani lokacin ma uwar tana nan da ranta, mai gona ne ya gan shi shi kaɗai ya ɗauka maraya ne ya sungumo shi. Daga ranar nan wani mutum ya zama uwarsa. Zai tashi cikin dare, a sanyin Jos ɗin nan da kuka sani, ya ɗumama madara. In ya cika masa ciki, zawo ya kashe shi. In kwalbar ba ta wanku ba, zawo ya kashe shi. Bayan ya sha sai ya sa tsumma mai ɗumi ya goge masa gindi kamar yadda uwa take lasa, in ba haka ba jaririn ba zai yi kashi ba. Sannan duk da wannan wahala bai kamata ya bari ya saba da shi sosai ba, don gadar da ta daina tsoron mutum ba ta da rabo a daji, maharbin farko da ta gani za ta nufa da kanta. Wannan shi ne aikin da kuke kira farfesu.

Kuma rainon jariri shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne a samu haihuwa mai kyau shekara bayan shekara. Gwanki wata 9 take ɗaukar ciki, ta haifi ɗaya tal. In ka rasa shi, shekara ta tafi. Maza biyu a shinge ɗaya sai sun kashe juna. Namiji ɗaya kuma in ya daɗe a garke zai hau 'ya'yansa da jikokinsa, iri ya lalace, a fara haifar raunana masu mutuwa a satin farko. Duk Bafulatanin da ke kiwo a Barikin Ladi ya san dalilin da ake sauya bijimi. Don haka dole a samu littafi da aka rubuta wa ya haifi wa, dole a yi musayar maza da wasu gidajen, dole a killace sabuwar dabba makonni kafin a haɗa ta da sauran, a ba da maganin tsutsar ciki a kan kari. Barewa kuwa tsoro kaɗai yana kashe ta. Ka kora ta da ihu yau, gobe ka tarar da ita a miƙe ba ko ƙwarzane. Ku tuna da wannan ran Sallah in yaranku suna jifan shinge kuna dariya.

Masu cewa mutane na fama da yunwa ana ba gada madara, na ji ku. Wanda ya rubuta wannan da wayar da ta fi albashin ma'aikacin nan na wata 6, ya fara sayar da ita ya ciyar da unguwarsu, sai mu dawo mu yi maganar. Madarar ɗan gada ba ita ta tsadar da buhun masara ba.

Masu son na waje kuma, ku saurara. Zakinmu na Afirka ta Yamma, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kusan 400 ne kacal suka rage a duk yankin, manyan cikinsu ba su kai 250 ba. A Najeriya wurare biyu ne aka same su, Yankari da dajin tafkin Kainji. Kuma wannan zakin jininsa ya fi kusa da na Indiya a kan na Afirka ta Kudu. Ka sayo zaki daga Afirka ta Kudu ya haifa maka 10, ba ka ceci namu ko ɗaya ba, ka dai ƙara bakunan da za su ci akuya. Nan garin Jos, a Disamban 2015, zaki ya kuɓuce daga gidan namun daji aka bindige shi, kowa ya yi kwana biyu yana tambayar ina allurar sa barci, aka koma hirar ƙwallo.

Kada wani ya ce mini abin ba ya yiwuwa a ƙasashenmu. Nijar na nan kusa da mu. Raƙumin dawan yankin nan ya ragu har ya koma 49 a 1996, duk a wajen Kure, kusa da Yamai. Aka hana taɓa su, aka jawo manoman wurin cikin tsaronsu, yau sun haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 aka kai Gadabeji su kafa sabon garke. Mariri kuwa, farar dabbar sahara dangin barewa mai dogayen ƙahoni, a shekarar 2000 aka sanar ya ƙare ƙaf a daji, sai waɗanda ke cikin shinge. Daga waɗannan na shingen aka yi ta hayayyafa shi, aka fara sakin su a Chadi a 2016, suka haihu a can da kansu, a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Da masu kula da shi sun ce "ai mariri ne kawai", da yanzu sai dai a zane. Haihuwa ce ta dawo da shi, ba fenti ba, ba lilo ba.

Abin da ke ci mini rai, tsakani da Allah, shi ne mun daina ganin abin da ke gabanmu. A dajin Amurum da ke Laminga, nan bayan gari, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis. Masana daga Turai suna tasowa takanas don su ga wani ɗan jan tsuntsu mai zama a duwatsunmu, wanda sai a 1998 kimiyya ta san da shi, da wani baƙin tsuntsun da ke zuba ƙwansa a sheƙar jan ya bar masa raino. Mu da muke wucewa ta gefensu kullum, danƙo muke saya wa yara. Gauraka da ake kira tsuntsun ƙasa, yaushe rabon da wani a cikinku ya gan ta a fadama? Yaranmu sun san sunan dabbobin Ostiraliya daga katun, amma ka ce musu mazo ko kanki, sai su ɗauka sunan unguwa ne. Wannan mutumin da kwalbarsa yana cikin 'yan tsirarun da suka rage suna riƙe da abin, kuma na tabbata ba don kuɗin da ake ba shi ba ne. Allah ya saka masa, ya raya masa ɗan gadarsa har ya girma ya bar iri.

Af, tunda muna maganar. Ina ungulu? Da muna yara ba ka zuwa mahauta ba ka tarar da su jere a kan kwano ba, mahauta suna korar su suna dawowa. Yanzu ka leƙa ka gani, hankaki kawai da ƙuda. Tun 2015 aka sa irin tamu a jerin masu dab da ƙarewa, guba na kashe su, masu tsibbu na sayen kawunansu a kasuwa. Duk wanda ya ga ungulu da idonsa a cikin Jos bana ya ajiye mini hoto a ƙasa, ya faɗi unguwar. Ban ce na intanet ba.