Ku ba bayanan mutane ƙofar fita

Makon jiya wani shugaban makaranta a unguwar Mabera da ke Sakkwato ya kira ni hankalinsa a tashe. Kwamfutar ofis ta ƙi tashi, yaron da ya haɗa musu manhajar rajista ya koma Abuja, wayarsa ba ta shiga. Sunayen ɗalibai na shekara shida da lissafin kuɗin makaranta duk suna cikin rumbun bayanai na MySQL, babu kwafi ko ɗaya a waje. Allah ya taimaka ma'ajiyar kwamfutar ba ta ƙone ba, muka ciro bayanan.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana masu rubuta manhaja a Sakkwato: don Allah kada ku miƙa aiki sai kun saka hanyar da kowane teburin bayanai da ke cikin rumbun zai riƙa juye abin da ke cikinsa a fayil ɗin rubutu zalla, irin CSV (wanda waƙafi ke raba gurabensa), kullum kafin a tashi aiki, ba sai wani ya tuna ba. MySQL na da umarnin SELECT INTO OUTFILE, rumbun bayanai na PostgreSQL na da umarnin COPY, harshen rubuta manhaja na Python kuma da kayan rubuta CSV yake zuwa. Layi goma na umarni sun isa. Irin wannan fayil ko Notepad, 'yar manhajar rubutu ta Windows, zai buɗe shi, ko da manhajarka ta daɗe da mutuwa.

Sai dai a yi shi da kula. Adireshi kamar "Gidan Dare, bayan masallaci" akwai waƙafi a ciki. In ba ka rufe shi da alamar zance ba, sai ya rabu gida biyu, lambar wayar uba ta faɗa gurbin aji. Wanda ya fi ci mini rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Ka manta da UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ya san namu, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun zama alamar tambaya, sunan yaro ya lalace a takardar sakamako. Excel kuma yakan cinye sifilin farkon lambar waya, 0803 ta koma 803, sai an shigo da gurbin a matsayin rubutu.

Fayil ɗin nan fa ba shi da makulli, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Bai dace a jefa shi zauren WhatsApp na malamai ba. Malam shugaba dai yanzu filashi biyu gare shi: ɗaya a aljihun teburin ofis, ɗaya yana tafiya da shi gida duk Juma'a.