Kofin da Madrid ba ta da shi

Ni ɗan AC Milan ne, kuma a teburin mai shayin unguwarmu wannan ba ƙaramar jarabawa ba ce. Da na buɗe baki sai 'yan Madrid su ɗaga yatsu: kofin Turai 15, mu kuma 7. Rannan na ce yau sai na rama. Na kwana ina tono a waya har na ci karo da Kofin Mitropa.

Washegari bayan isha'i na iso da babbar riga, na sa aka haɗa mini shayi mai kauri da ƙwai uku, na gyara murya. Na ce tun 1927, Madrid ba ta san hanyar tasha ba, wani Hugo Meisl na Austiriya ya haɗa kulob-kulob na ƙasarsa da na Hangari da Cekoslobakiya da Yugoslabiya. Sparta Prague ta doke Rapid Vienna ta ɗauki na farko. A 1932 ma ko wasan ƙarshe ba a yi ba: rikici ya ɓarke tsakanin Juventus da Slavia Prague, aka kore su duka biyun, aka miƙa wa Bologna kofi tana zaune. Wuri ya yi tsit, har mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu.

Da na tsaya nan da na tashi da mutuncina. Amma daɗi ya ɗebe ni. Na bugi tebur na ce Milan ta ci wannan kofin a 1982, Madrid kuwa ko ƙamshinsa ba ta ji ba, wanda ya kawo mini aibinsa ni zan biya shayin kowa.

Ɗan yayana, yaron da ni na saya masa wayar, shi ya ɗago kai.

"Kawu, wai a lokacin zakarun rukuni na biyu ne ke buga shi."

Na ce ya rufe mini baki.

"Kuma Kawu, a shekarar ma Milan ta sake faɗawa Serie B, rukuni na biyu na Italiya."

Mutum goma sha ɗaya ne a bencin. Wani da ko ƙwallo ba ya kallo ya ce a ƙara masa indomi. Har yau sunana na cikin littafin bashin mai shayi, kuma ba sunan yanka ya rubuta ba, Alhaji Mitropa ya sa.